Kujerar da Anti Ta Ƙi

Ba don a ga fuskarta aka ɗauke ta aiki a gidan talabijin ba. Mai buga tafireta ce, a wani ɗan ofis da ke ƙarƙashin matakala, inda fanka ke juyawa tana kuka kamar za ta faɗo wa mutum a ka. Ita ke buga labaran da maza za su karanta da yamma, kuma tana da ɗabi'ar karanta abin da take bugawa a fili don kada ta tsallake layi. Ba ta san muryarta na haurawa har bene ba.

Wata rana motar mai karanta labarai ta mutu a hanya, lokaci kuma ya ƙure. Shugaban tashar, wani dattijo mai yawan tari, ya leƙo ofishinta ya ce ta ajiye aikin ta biyo shi. Ta zaci laifi ta yi. Sai ga ta a ɗakin ɗaukar shiri, an zaunar da ita gaban fitilu masu zafi kamar murhu, an miƙa mata takardun da ta buga da hannunta.

A nan ta fara ganin Gajeriya. Ita kaɗai ce mace a cikin masu riƙe kyamara, kuma sai ta taka wani tsohon akwati kafin idonta ya kai inda ake leƙawa. Ta leƙo ta gefen kyamarar ta ce, "'Yar'uwa, in tsoro ya kama ki, ni za ki duba. Kin ga dai a kan abin da nake tsaye, kuma ban faɗo ba tukuna."

Dariyar da ta danne ce ta kore mata tsoron. Ta karanta labaran tas, ba ta yi tuntuɓe ba. Washegari da ta shiga kasuwa, mai kayan miya ya tsaya yana kallonta da ludayin awo a hannu, yara suka biyo ta suna cewa ga Anti Talabijin. Sunan ya bi ta. Da tafiya ta yi nisa aka sauke masa wutsiya, kowa ya koma cewa Anti, har waɗanda suka haife ta.

Ita da Gajeriya suka zama kamar zobe da yatsa. Su biyun suka yi ta naci wurin dattijon har ya gaji ya ba su rabin awa a mako, ya ce su yi abin da suka ga dama muddin ba za su jawo masa magana ba. Suka kuwa jawo masa. Gajeriya ta ce shirin mata ba zai zauna a ɗaki mai labule ba, ta saɓi kyamara suka fita. Suka shiga ɗakin haihuwa na asibitin gari, suka nuna masu jego suna aika ƙannensu ɗebo ruwa a bokiti, kafin wata ya zagayo aka kafa tanki. Suka zauna da matan da mazajensu suka rasu, aka bar su da yara da dangin miji. Suka nuna 'yan mata a ajin koyon gyaran rediyo. A lokacin ba kowane gida ke da talabijin ba, don haka ranar shirin mata sukan cika falon maƙwabta har bakin ƙofa, goyo a baya, mazaje kuma na ƙorafin cewa ranar abinci ba ya sauka da wuri.

Yawancin dabarun na Gajeriya ne, Anti ba ta taɓa musun haka ba. Amma fuskar Anti ake gani, ita ake tarewa a hanya. Mata suka koma ɗaura kallabi irin nata. Wata ta taɓa riƙe mata hannu a tashar mota tana hawaye, ta ce saboda shirin ne maigidanta ya bar 'yarsu ta ci gaba da karatu. Anti ta ji daɗin wannan, kuma ta ji daɗin kallon da ake yi mata in ta shiga taro, yadda hira ke tsayawa, ana taɓa juna. Duk biyun gaskiya ne, ita ma ba ta iya raba su a zuciyarta.

Da dattijon ya kusa ajiye aiki, ya kira ta bene. Ya yi tarinsa ya gama, sannan ya gaya mata cewa kujerar shugaban shirye-shirye za ta zama babu kowa, kuma ya sha fama da manya kafin su yarda a ba mace. Wanda ke kan kujerar shi ke yanke abin da za a nuna, da lokacin da za a nuna shi, da wanda za a ɗauka aiki. Sharaɗi ɗaya ne: mai wannan kujera ba ya fitowa a allo. Ya ce ta je ta yi shawara.

Ta dubi ofishin da ake nufi tana fita. Tebur ne babba, da kabad cike da fayil, da tokar sigari a faranti, taga kuma na kallon bayan gini inda ake ajiye janareta. Ta ji kamar an nuna mata ɗakin da za a kulle ta.

Maigidanta ya ce duk wanda ta zaɓa shi dai yana bayanta. Ƙanwarta ta ce, wa zai san ki a can sama, Yaya, ke da gari ya san ki? Gajeriya ce kaɗai ba ta bar maganar ta kwana ba. Ta biyo ta har gida, ta zauna a kan kujerar tsugunno a kicin, ta karɓi wuƙa tana taya ta yanka albasa. Ta ce ita da tana da takardar makaranta da ba sai an roƙe ta ba. Ta ce rabin awan nan da suke taƙama da shi aro ne, dattijo ya ara musu, kuma dattijo tafiya zai yi.

Anti ta ce mata sun saba da ita, in ta ɓace daga allo za su ce an kore ta, kuma aikin sama aikin taro ne da gardama da maza, ita ba ta iya ba.

"Karanta labarai ma ai ba ki iya ba ranar da aka zaunar da ke," in ji Gajeriya. "Fuska kayan aro ce, Anti. Wata rana mai ita zai karɓe."

Anti ta yi dariya, ta ce albasar ce ke sa ta surutu. Da mako ya zagayo ta hau bene ta yi wa dattijon godiya, ta ce a ba wani. Ya daɗe yana goge tabarau.

Wanda aka ba wani saurayi ne daga sashen talla, mai ladabi ƙwarai. In ta shiga ofishinsa sai ya miƙe tsaye, Anti sannu, Anti zauna. Ba mugu ba ne, abin da ke gabansa ne daban. Da farko ya ce ana bukatar kyamarar fita waje don wasan ƙwallo, su yi haƙuri su riƙa gayyato baƙi cikin ɗaki. Masu jego da matan kasuwa kuwa ba sa iya barin inda suke su zo su zauna gaban labule, sai aka koma gayyatar matan manya. Daga nan aka mayar da shirin hantsi, lokacin da masu kallonsa ke wurin nema. Sai wani kamfanin sabulu ya ɗauki nauyinsa, ya ce yana son a ƙara gyaran jiki da girki, a rage maganganu masu ɗaga hankali.

Duk lokacin da aka yanko wani abu, Anti takan hau bene. Akwai benci a bakin ofishin, a nan take zama ta jira sakatare ya ce ta shiga. Saurayin zai saurare ta da kyau, ya ce zai duba. Tana saukowa takan tarar da Gajeriya a ƙasan matakala. Gajeriya ba ta taɓa ce mata ai na gaya miki ba, sai dai ta dube ta, ta wuce.

Da aka daina fita waje, aka ce masu kyamara sun yi yawa, aka mayar da Gajeriya ɗakin ajiyar kaset. Shekarar da kaset ya yi wuya, umarni ya sauko daga bene cewa a riƙa ɗaukar sababbin shirye-shirye a kan tsofaffi. Gajeriya ce ke miƙa su ta taga. Da hannunta ta miƙa kaset ɗin ɗakin haihuwa, da na matan da aka bari da marayu, aka ɗora musu ƙwallo da tallan sabulu. Da layin kaset ɗinsu ya ƙare a kan kanta, ta ajiye makulli ta bar aikin. Ba su yi faɗa ba. Ta leƙa ɗakin kwalliya inda ake shafa wa Anti hoda, ta ce ta tafi, Anti ta ce za ta zo gida su yi magana. Yau da gobe, ba ta je ba. Kunya ce ta fara hana ta, daga baya kuma tsawon lokacin da kansa ya zama abin kunya.

Ita ma nata ya zo a hankali. Furfura ta fito, aka ce fitilun zamani ba sa ɓoye komai. Aka kawo wata yarinya ta riƙa taya ta gabatarwa, sai aka koma ita ke taya yarinyar, daga ƙarshe aka bar mata karanta sanarwa, murya kawai ba fuska. A haka ta yi ritaya.

Shekaru da yawa bayan haka, tashar ta shirya bikin tunawa da kafuwarta, aka aiko mota ta ɗauke ta. Ginin ya canza, ofishin tafireta ya zama wurin ajiye tsintsiya da bokiti. Mata kuwa ko'ina, masu karanta labarai, masu riƙe kyamara, masu haɗa hoto a kwamfuta. Suka kewaye ta suna Mama, Mama, wata ta ce kakarta ce ta riƙa ba ta labarin shirin har ta ji ita ma sai ta yi wannan aiki. Anti ta ji idonta ya cika. Mai gabatar da bikin ya ba da haƙuri, ya ce sun nemi ko da minti ɗaya na tsohon shirin su nuna, ba su samu ba, sai hoto guda. Aka haska hoton a bango: ita ce, da kallabinta, tana murmushi. A gefe ana ganin gwiwar hannun mai riƙe kyamara.

Wurin shan lemo ta tambayi wata mai karanta labarai ko wace ce shugabar shirye-shirye yanzu. Yarinyar ta yi murmushi ta ce ai namiji ne, Mama, kujerar nan mace ba ta taɓa zama a kai ba, an ce tun asali haka tsarin yake. Ta rage murya ta ƙara da cewa ita ma ciki gare ta, tana ɓoye shi a bayan tebur, don wadda ta gabace ta da ta tafi haihuwa ba ta dawo ta tarar da wurinta ba. Anti ta riƙe kofin lemon har ya yi ɗumi a hannunta. Ta tambayi mutum uku ko huɗu labarin Gajeriya, ba wanda ya taɓa jin sunan.

Wani tsohon direban tashar ne ya kwatanta mata inda take. Ƙaramin shagon ɗaukar hoto ne a bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki. Gajeriya ta ƙara gajarta, tana tafiya tana dafa bango. Ta dubi Anti ta saman tabarau, ta ce a'a, yau manya ne a gari, ta jawo mata kujerar da masu hoton fasfo ke zama, ta aika a kawo shayi.

Suka gaisa, suka tambayi yara da jikoki, suka lissafa waɗanda suka rasu. Sannan Anti ta ba ta labarin bikin, da hoton, da yarinya mai ciki. Gajeriya ta saurara tana juya cokali.

"Da kin hau ma wataƙila da sun ci ƙarfinki," ta ce. "Ni ban ce za ki gyara duniya ba. So na yi dai su saba ganin mace na fitowa daga ƙofar nan, ko da sau ɗaya ne."

Gajeriya ta tura wa Anti sukari, ta canza magana. Ta tambaye ta ko tana tuna matar nan mai tuƙa kwalekwale da suka ɗauka a bakin kogi, wadda ta sa su jira har ta gama ƙetarar da 'yan makaranta. Anti ta ce ta tuna, mai haƙorin azurfa. Gajeriya ta ce a'a, mai haƙorin azurfa ai ungozoma ce, wannan tabo gare ta a goshi. Suka yi ta ja, kowacce ta haƙiƙance, suka nemi sunan matar suka rasa. Babu kuma inda za a duba.

Wani mutum ya shigo yana son hoto na gaggawa, Anti ta tashi ta ba shi kujerar. Ta ce za ta dawo, Gajeriya ta ce Allah ya sa, ba ta ɗago daga kyamarar ba. Ta dawo ɗin, sau biyu, kafin ƙafa ta hana ta fita.