Layukan Alli a Kan Rufinmu

Sau biyu allurar ciwon sugan Mama tana lalacewa a firij saboda ɗauke wuta. Na gaji da jin Baba yana cewa za a gyara. Na dage sai an sa sola.

Mai aikin farko ya zo da kwamfuta, ya nuna mana hoton rufinmu daga sama. Ya ce farantan sola huɗu a kusurwar yamma, gobe an gama. Ko tsani bai taka ba. Shi ya kwanta mini a rai.

Na biyun Baba ne ya kawo shi, wani dattijo da ake kira Mai Tsani. Ya hau da safe, ya sauko ya tafi. Da rana tsaka ya sake dawowa.

Na ce, "Baba, mutumin nan leƙen gida yake yi. Zuwa biyu, ko sukundireba bai riƙo ba. Har tambayata ya yi ko maƙwabci zai ƙara bene. Ina ruwansa?"

Baba ya ce, "Ke dai kowa ɓarawo ne a wurinki, 'yar boko."

Da Mai Tsani ya dawo ƙarfe huɗu na bi shi sama, wayata tana ɗaukar murya a aljihu. Na tarar da rufin duk layukan alli, kowanne da lamba. Na juya gare shi.

"Malam, wa kake yi wa alama?"

"Inuwa." Ya nuna kusurwar yamma. "Je ki tsaya can, 'yata. Rana na dukanki?"

Ba ta dukana. Benen maƙwabci ya tare ta gaba ɗaya.

Ya ce, "Tun ƙarfe ɗaya take haka. In an sa farantai nan, batir ba zai cika ba. Kafin gari ya waye firij ya mutu, maganin mamanki ya sake tafiya."

Ban yarda nan take ba. Washegari na hau da agogo, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowace lamba lokacin da inuwa ke isa layin ne, kuma ba ta saɓa ko ɗaya ba.

Na kira mai kwamfuta. "Hoton nan, ƙarfe nawa aka ɗauke shi?"

Ya ce zai bincika ya kira ni. Har yau ina jira.

Farantan suna gefen gabas yanzu. Duk safiya nakan buɗe firij in taɓa kwalbar Mama. Da sanyinta.