Muryar Dodo a Bayan Zana

"Ƙara kauri, Illo! So nake yara su ruga!" in ji Mushe Yahaya, malamin lakwal, wato makarantar boko, yana tsaye daga nesa kamar yadda kowa ke yi wa Illo.

Illo ya cusa baki cikin tulu ya yi ruri. 'Yan lakwal suka watse da ihu da dariya. Kuturta ta cinye masa yatsu, ta dushe masa murya, sai ga shi yau dushewar ta yi rana. Wasan rufe shekara yana bukatar Dodon tabki, kuma duk Madarunfa babu maƙogwaro irin nasa. Dodon da za a gani wani ɗalibi ne cikin buhun gyaɗa. Illo murya ce kawai, a bayan zanar da aka kafa a ƙarshen dandali.

Bai nemi lada ba. Abu ɗaya ya roƙa: in an gama, a bar shi ya fito ya tsaya kusa da 'yarsa Balaraba, wadda Dodo zai sace a wasan. Tun da aka mayar da shi bukkar bayan gari, ba a sake ganinsu tare cikin jama'a ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Mushe.

*

Ranar wasa da la'asar fili ya cika, har da mutanen Safo da Gabi. Ta wata 'yar kafa a jikin zana Illo yake leƙen 'yarsa, tana magana ba tsoro ba gargada. Da ya saki rurin, mata suka dafe ƙirji, wani dattijo ya zame daga kujera. Daɗi ya kama Illo har ya ji ƙwalla.

Da aka gama wasan, tafi ya ɓarke. Ya gyara rigar da ya wanke tun jiya, ya yunƙura. Sai ga Mushe ya leƙo, gumi na zuba.

"Illo, don Allah ka yi haƙuri. In iyaye suka san kai ne a nan, gobe ba mai turo ɗansa lakwal. Ita ma Balaraba cewa za su yi a kore ta."

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ba ƙarya Mushe ya yi ba. Ya koma ya zauna.

Balaraba ta zagayo da gudu. "Baba, taso mana, an gama!"

"Je ki, ɗiyata. Ƙafar ce ta motsa."

Ta kafar zana ya ga ɗalibin ya tuɓe buhu, ana yi masa guɗa.

*

Da safe ya dawo ɗaukar tabarmarsa. Ya tarar an fasa tulun, an haɗa zana da tabarmar an cinna musu wuta, don kuturu ya taɓa su.

A hanyar komawa ya ci karo da yara suna tafiya lakwal karɓar sakamako, kowa na ruri da muryarsa, suna gasar wanda ya fi iyawa. Da suka hango shi suka ratse cikin gona, suna toshe hanci.