Matashin Ya Gambo

Sarjan Ajimi ya dawo Diffa a ƙarshen bazara, lokacin da kogin Komadugu ya ƙafe ya zama yashi zalla har jakuna na birgima a tsakiyarsa. Ba da ƙafarsa ya shigo gari ba. A kan gadon kara aka ɗauko shi daga bakin hanya, matarsa Yakaka na biye tana riƙe da takalmansa na soja, tana kuka ba sauti.

A yaƙin Andoshin, can ƙasar gabas mai nisa inda Nasara suka kai su, wani guntun ƙarfe ya shige masa ƙirji, ya je ya zauna jikin zuciya. Likitocin soja na wani babban asibiti a bakin teku suka tsaga ƙashin ƙirjin biyu, suka ciro ƙarfen, suka ɗaure ƙashin da waya, suka ɗinke fata. Aikin ya yi kyau. Hanya ce ta ɓata shi, domin kamyon da ya ɗauko shi daga Damagaram, babbar motar kaya, ya yi ta jijjiga shi cikin rairayi har ɗinkin ya buɗe baki daga ƙasa, ƙashin kuma ya koma motsi duk sa'ad da ya ja numfashi mai ƙarfi.

Amma ya zo da maganar likita a kansa, ya haddace ta kamar umarnin fareti. Kada ya ɗaga abu mai nauyi, kada ya tura, kada ya ja. Kada ya kwanta shame-shame. Ya rage gishiri. Ya riƙa tafiya kullum, yau kaɗan, gobe ya ƙara. In ya kiyaye, kafin shekara ta zagayo zai yi duk aikin da namiji ke yi. Aikin da Ajimi ke nufi kuwa guda ɗaya ne, jan jigon ban ruwa.

Mahaifinsa ya rasu a sanyin da ya wuce, shi yana kwance asibiti, ya bar masa garka a bakin kogi. Duk gaɓar nan babu kamarta. Ƙasarta baƙa ce, gaɓarta ba ta da tsawo, kuma a nan ruwa ke daɗewa bayan ya janye daga ko'ina. Tun Ajimi bai kai tsawon gwafar jigon ba yake tsayawa gefen tsohon, yana kallon guga ta nitse, dunƙulen lakar da ke ɗaya ƙarshen sandar ya ɗago ta, ruwa ya bi fangali-fangali zuwa gindin tattasai. A asibiti, in zafi ya taso, ƙarar jigon nan yake saurare a ransa.

A garinsu bakin ruwa na mai iya ba shi ruwa ne. In mai garka ya kwanta jinya, ɗan'uwansa ya ja masa jigo, a raba amfani, in ya tashi ya karɓi kayansa. In kuwa ciwon nakasa ne, wanda ba a tashi, bulama, wato mai gari, da dattawa su miƙa wurin ga ɗan'uwa mafi kusa, a shafa fatiha, sabon mai shi ya kafa gwafarsa, magana ta mutu. Ajimi ya san wannan sarai. Abin da bai taɓa gani ba, saboda tun yana saurayi aka kwashe shi soja, shi ne yadda dattawa ke rarrabe jinya da nakasa.

Ɗan'uwa mafi kusa shi ne Gambo, ɗan wan mahaifinsa, wanda ya girme shi kaɗan. Tun ranar farko Gambo ya ce kada Ajimi ya sa garka a ransa, shi zai ja masa jigo bana, ya riga ya gaya wa bulama. Ajimi ya yi masa godiya ƙwarai.

Sai a faɗi gaskiya ko da kan wanda aka tsana ne: ba a taɓa jinyar mutum a Diffa kamar yadda Gambo ya yi jinyar Ajimi ba. Da ya ga kwanciya na hana shi numfashi, sai ya sassaƙo itace ya saƙa masa majingina da kaba, ya yi ta gyara karkatarta har ta yi daidai bayansa. Da ya ga sa riga ta kai na sa shi ɗaga hannu, sai ya kai rigunansa wajen maɗinki aka tsaga su ta gaba. Shi ya koya wa Yakaka yadda za ta tayar da shi, kada ta ja shi da hannu, ta mirgina shi gefe, ta sauke ƙafafunsa, sannan ta tallafi kafaɗa. Yakan aiko da kifi ɗanye don romo, ya kuma yi wa Yakaka tsiya kan miyarta da ba gishiri ba kanwa, wai ko akuya aka ba sai ta yi ƙara wajen alƙali.

Babban abokin gāba shi ne tari. In ya taso, Ajimi yakan ji kamar ana sake tsaga shi. Wata safiya Gambo ya shigo da ɗan matashi na fatar akuya, ja, wanda ya cusa da audugar rimi ya ɗinke da hannunsa. Bai yi taushi ba, bai yi tauri ba, faɗinsa daidai ƙirji. Ya ce in tari ya zo ya rungume shi da hannu biyu ya matse. Ajimi ya gwada, zafin ya ragu da rabi. Daga ranar, ko bayan gida zai zaga, da matashin yake zuwa. Duk sa'ad da tarin ya kama shi Gambo na kusa, sai ya dafa bayansa ya ce, "Riƙe da kyau, Sarjan. A hankali."

Abu ɗaya suka saɓa a kai, tafiya. Gambo ya ce bai taɓa jin an ɗinke ko tulu an ce ya yi yawo ba, balle mutum. Nasara ba su san ƙasar nan ba, ga santsin damina ya shigo, in ya zame ya faɗi wa zai sake ɗinke shi? Ajimi ya ce likita ya ce. Aka tsaya a kan ya riƙa zagaya tsakar gida, daga rumbu zuwa turken awaki, amma kada ya fita ƙofa. Haka ya yi ta yi, yana zagayawa kamar jakin da aka ɗaure da doguwar igiya. Ƙarfi na dawo masa, ɗinki ya rufe, amma ban da Yakaka da Gambo babu wanda ya gan shi a tsaye.

Da ruwan kogi ya iso, gari ya ɗauki murna, Gambo ya zo ya ce gobe da hantsi Bulama Abbakar da dattawa za su zo dubiya, su kuma yi masa ta'aziyyar tsoho. Ajimi ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a fito masa da rigar soja, zai tarbe su a zaure a tsaye. Gambo ya riƙe baki. Ya ce gaisuwar dattawa ai durƙuso ce da miƙewa, da jan hannu, wani ma ya rungume ka. Ya zauna a majinginarsa, matashi a ƙirji, babu mai ganin laifinsa. In kuma sun tambaye shi jiki, kada ya yi musu taurin soja, ya gaya musu abin da ya sha, don su san irin mazan da garin ya haifa.

Wannan ta ƙarshe ita ta kama Ajimi, domin mutum ne mai son a san ya sha wuya. Dattawa suka zo suka zauna, aka yi addu'a. Gambo ya buɗe masa riga da kansa, suka ga tabon tun daga maƙogwaro har bakin ciki, suka yi salati. Ajimi ya ba su labarin waya da ƙashi, har ya ƙara gishirin da aka hana shi a miya. Bulama ya tambaye shi a natse ko yana iya ɗaga wani abu. Ajimi ya yi dariya ya ce ko buta Yakaka ke riƙe masa, salla ma a zaune yake yi. Dariyar ta jawo tari, ya rungume matashi, hawaye na zuba, Gambo na dafe da bayansa. Bulama ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Da suka tafi, Ajimi ya ce wa Yakaka bai san yana da daraja haka a garin nan ba.

Damina ta wuce. Gambo ya rage zuwa, wai aikin garka ya yi yawa, amma kifi bai daina zuwa ba. Yakaka ƴar Baruwa ce, baƙuwa a Diffa, matan gari na jin nauyin gaya mata magana mai zafi. Sai ranar kasuwa wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta riƙe hannunta ta yi mata addu'a, Allah ya ba ta ladan zama da musaki, ya kuma saka wa Gambo da ya karɓi garka ya ɗauki nauyin ciyar da su. Yakaka ta dawo gida ba ta sayi komai ba. Ta durƙusa gaban majingina ta ce, "Sarjan, ranar nan ba dubiya suka zo ba. Duba ka suka zo yi."

Bai ce mata ƙarya ne ba. Sai ya shiga bin maganganun Gambo ɗaya bayan ɗaya, na santsi, na zama a majingina, na taurin soja, kowace ta faɗa wurinta. Kunya ta fara kama shi kafin fushi, da ya tuna dariyar da ya yi gaban bulama. Ya mirgina gefe, ya sauke ƙafafu, ya miƙe ba tare da ta taɓa shi ba. Ya sa takalmansa na soja. Hannunsa ya ɗauki matashin don sabo, bai ma lura ba sai da ya kai ƙofa.

Ya ratsa gari da rana tsaka, mutane na tsayawa suna kallonsa kamar sun ga wanda suka yi wa sallar gawa. Ya huta a gindin wata tsamiya, ya sake hutawa inda ake ɗaure kwalekwale, amma ƙafafunsa ba su ba shi kunya ba. Tun daga nesa ya ji ƙarar jigo, sai dai ba irin wadda ya sani ba ce. An tumɓuke gwafar mahaifinsa, tana yashe a gefe, gara ta fara cinta. Sabuwar gwafa fara fat ta tsaya a gurbinta. Tattasai ya yi kore shar, ya fara fure. Gambo na tsaye a gaɓa, ƙafa cikin laka, da guga a hannu.

Da Gambo ya gan shi, sai ya saki igiya, guga ta yi sama ba ruwa.

"Da ƙahwarka ka zo, Sarjan?"

"Da ita na zo, Ya Gambo. Jigon wa ke nan?"

Gambo bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an shafa fatiha tun ruwa na sabo. Ya ce shi bai yi wa bulama ƙarya ko guda ba, abin da suka gani da idonsu suka kuma ji daga bakin mai shi, a kansa suka yanke.

"Ka san likita ya ce zan warke. Kullum kana ganina ina zagaya gida."

"Likita yana bakin teku," in ji Gambo. "Ni tawa garkar ruwa na barin ta tun tattasai bai yi ja ba, ka kuma san yawan bakin da ke gidana. Muddin ina da rai ba za ka kwana da yunwa ba, kai da iyalinka."

Wannan alkawarin ya fi komai yi wa Ajimi ciwo, don ya ga da gaske Gambo yake, ya riga ya shirya ciyar da shi har mutuwa kamar tsohon doki. Ya dubi abin da ke hammatarsa, jar fatar ta yi baƙi da gumin hannunsa. Ya tambaya ko kafin Gambo ya yanke shawarar karɓe garkar ya ɗinka wannan, ko bayan. Gambo ya dubi matashin, ya amsa.

"Wannan don tarinka na yi shi."

Ajimi ya yarda, kuma da ƙarya ce da ta fi masa sauƙi. Ya ɗaga matashin sama zai wurga shi cikin kogi, abin da likita ya hana shi tun farko. Ƙashin ya amsa masa nan take. Numfashi ya sarƙe, tari ya taso tun daga ciki, kafin ya san abin da yake yi ya riga ya durƙusa cikin lakar garkar ubansa, ya ƙanƙame matashin da hannu biyu. Ya ji tafin hannu mai jiƙe a bayansa, da muryar nan da ya saba.

"Riƙe da kyau, Sarjan. A hankali."

Da tarin ya lafa, ya kawar da kafaɗarsa, ya miƙe da kansa, ya kama hanyar gida. Bai waiwaya ba, amma kafin ya kai tsamiya ya ji jigo ya ci gaba.

Yakaka ta karɓi matashin ta jefa bayan rumbu. Ta yayyaga tsohon zanenta ta cusa masa wani, ta ɗinke da kyau. Da la'asar tari ya sake zuwa, ya rungumi nata, ya lotse a hannunsa, zafin ya ratsa shi har baya. Ya jure na farko, ya jure na biyu. A na uku, bai iya duban fuskarta ba, ya ce ta je bayan rumbu ta ɗauko masa na Ya Gambo.