Motar da Ba Ta da Jiniya

Abin ya fara ne a shekarar da ciwon baya ya sauke Baban Auta daga tuƙin motar ɗaukar marasa lafiya, aka mayar da shi ofishin kula da motocin asibiti. A shekarar ya sayi wata ƙaramar mota ta hannu, kuma a cikinta ne matarsa ta fara ganin mutumin da ba ta sani ba.

A gida ba shi da hayaniya. Shi ke gyara mata keken ɗinki idan ya cije, shi ke zama da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, yana taya ta aikin makaranta. Sai dai rabin rayuwarsa ya yi shi ne a motar da kowa ke dare wa. Da ya kunna jiniya titi yake buɗewa, manyan motoci su raɓe, ɗan sanda ya tsayar da kowa ya ɗaga masa hannu. Abokan aikinsa har suna suka laƙaba masa, A-Kauce. Yanzu ga shi a mota irin ta kowa, amma idonsa da ƙafarsa ba su yarda an canza ba. Sai ya bi tsakiyar titi, ya manne wa na gabansa yana jiran a ba shi hanya. In ba a ba shi ba, ya ɗauka raini ne.

Kullum da safe shi ke kai Auta makaranta, can ƙarshen gari kusa da asibiti, inda babu motar haya mai zuwa kai tsaye. Da jarrabawa yarinyar ta samu gurbi a wurin, ga ɗakin gwaje-gwajen da ba ta gajiya da labarinsa. Takan dawo tana kwaikwayon yadda Baba ke leƙa kai ta taga yana tambayar mutane ko a kasuwa suka sayi lasisi. Maman Auta ba ta taɓa dariya ba. Ta yi masa magana cikin lalama, ya ce mata ya ɗauki masu naƙuda da masu karaya ba adadi, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Ta kai ƙara wurin wansa, wan ya yi dariya ya ce ai tun suna yara ko a layin famfo A-Kauce ba ya tsayawa bayan kowa. Daga nan ta koma ga addu'a, tana raka su da ita har bakin ƙofa.

Ranar da abin ya faru tana cikin motar, za ta sayo zare da yadi. Auta na baya, jakarta a cinya. A kan babban titi suka tarar da tankar ruwa cike, tana tafiya a hankali. Baban Auta ya yi ta danna hon, yana wasa da fitila. Direban tankar ya fito da hannu ta taga, ya nuna sama, wato in sauri yake yi ya tashi ya bi iska. Ta ga wuyan mijinta ya kumbura.

"Baban Auta, don girman Allah ka bar shi," ta ce.

"Yau zan koya masa tuƙi."

Ya fizgi motar ya wuce ta gefe, ya shiga gaban tankar, ya take birki. Shi da ya sha kwaso mutane daga ƙarƙashin irin waɗannan motoci, ya fi kowa sanin cewa tanka mai ruwa ba ta tsayawa inda aka so. Ƙarar ta zo daga baya, daga inda Auta take.

Da Maman Auta ta dawo hayyacinta, ta ga kujerar baya ta matse yarinyar, ƙafarta ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Mutane suka taru suka zaro ta, wani ya kira asibiti. Ba a daɗe ba suka jiyo jiniya daga nesa. Suka yi ta jin ta, amma ba ta matsowa. Hatsarin ya toshe hanya, direbobi masu gaggawa kuma sun cika ɗaya hannun titin, kowa ya soka hancin motarsa inda ya samu. Baban Auta ya ruga cikin motocin, jini na zuba a goshinsa, yana bubbuga gilasai yana roƙon a matsa. Babu inda za a matsa. A ƙarshe da ƙafa ma'aikatan suka iso, ɗauke da gadon majinyaci. Direbansu ya dube shi ya ce, "A-Kauce, kai ne?"

Ƙashin cinya ne ya karye, aka sa mata ƙarfe. Likita ya ce za ta taka, amma da wuya ɗingishin ya rabu da ita. Kwanakin farko uban bai ci ba bai sha ba. Yana zaune gefen gado riƙe da hannun 'yarsa, hawaye na bin gemunsa. Maman Auta ta yi istigfari a ranta saboda 'yar natsuwar da ta ji, domin ta ɗauka wannan ne ƙarshen mugun tuƙinsa.

Sai masu dubiya suka fara zuwa, kowa na tambayar yadda aka yi. Da farko ya ce tsautsayi ne. Daga baya tankar ta zama marar birki. Kafin a sallame su, direbanta ya zama mashayi da ya biyo su da gangan. Maman Auta na zaune tana ninke zannuwan gado, tana jin yadda labarin ke wanke shi kaɗan-kaɗan, kuma ta lura ba ƙarya yake shiryawa ba. Ya yarda da abin da yake faɗa.

Ranar sallama Baban Auta ya ari motar wansa ya ɗauko su. Ya tuƙa a hankali har suka kusa gida, sai wani mai babur ya gifta gabansa. Motar ta zabura. Ya bi yaron har kwana, yana zagi ta taga, sandunan Auta suna karo da ƙofa. Maman Auta ta waiwaya. Yarinyar ta runtse ido, ta damƙe kujera da hannu biyu, leɓɓanta na motsi ba sauti. Da suka isa ya ce ai ya kiyaye, don dai akwai mara lafiya ne ya ƙyale ɗan banzan.

Bayan wasu makonni bakanike ya dawo da motar, an buge ta an shafe ta da sabon fenti. Baban Auta ya zagaya ta yana yaba aikin, ya ce ranar Litinin Auta za ta koma karatu.

Da yamma uwar ta sami yarinyar a ɗaki tana goge takalmin makaranta. Ta zauna kusa da ita ta yi mata maganar makarantar bayan layinsu, wadda azuzuwanta suka cika maƙil, ba ta da ɗakin gwaji, amma ana zuwa da ƙafa ko da sanda.

"Umma, zan riƙa rufe idona," Auta ta ce. "Ba zan ji tsoro ba. Ki bar ni in gama."

Maman Auta ta dubi ƙafar da ke miƙe a kan matashi. Ta san abin da za ta raba 'yarta da shi, ta kuma san yarinyar za ta daɗe ba ta yafe mata ba. Ta tashi ta fita tsakar gida, inda mijinta ke goge gilashin mota.

"Baban Auta," ta ce, "gobe zan je in cire ta daga makarantar. Ba za ta sake shiga motarka ba."