Kafaɗar Baturiya

Rifkatu mace ce da ba ta iya zama ba. Ko a coci, in wa'azi ya yi tsawo, ƙafarta na ta kaɗawa a ƙarƙashin benci kamar mai taka keken ɗinki. Tun da ƙanwarta Lilian ta musulunta ta koma Halimatu, ta auri wani kafinta mai suna Abubakar Siddiƙ, abin nata ya ƙara ta'azzara. Ta je Sabon Gari ta sayo lasifika irin ta hannu, ta shiga wa'azin asuba. Kuma duk faɗin Minna ba ta ga inda ya fi buƙatar bishara ba sai wani lungu a Shango, daidai tagar ɗakin ƙanwarta. In an tambaye ta sai ta ce Ruhu ne ke kai ta can. Wataƙila. Amma dai Ruhun bai taɓa yin ɓatan kai ya kai ta wani lungun ba.

Kada wani ya ɗauke ta muguwa. Ita ta goyi Lilian bayan rasuwar mahaifiyarsu, lokacin da suka koma hannun kakarsu a ƙauyensu da ke kusa da Tagwai. Tsoro ne ke cin ta, tsoron cewa ran ƙarshe za a raba su, shi ne take fitar da shi ta lasifika. Maƙwabta sun kai ƙara wajen mijin, shi kuwa mutum ne mai sanyin hali, ya ce a ƙyale ta, yayar matarsa ce. Tagar Halimatu dai ta daina buɗewa, daga baya wayarta ma ta daina shiga. Kullum Rifkatu na ƙara murya, kullum ƙanwar na ƙara nisa, ita kuma ta kasa gane abin da ke faruwa.

Wata Lahadi Fasto Ishaku ya sanar cewa za a yi bikin tunawa da zuwan bishara ƙauyen su Rifkatu, kuma zumuntar mata ce za ta shirya wasan kwaikwayo. Bayan an tashi ya kira ta gefe.

“Mama Rifkatu, Kaka ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Baturen mishan da idonsu. Ki je ki ji yadda ya yi wa'azi, mu nuna wa yara.”

Ba wasan ne ya dami Rifkatu ba. Abin da ya faɗo mata shi ne, akwai wasu kalmomi da mutumin nan ya faɗa har ƙauye guda ya bar abin iyayensa ya bi Yesu. In ta same su, ai ta gama. Ta riga ta hango kanta a bakin tagar nan tana zuba su, tagar na buɗewa. Kwana biyu ta kasa cin abincin kirki. Ranar Talata ta hau acaɓa, duk hanya tana zungurar mai mashin ya ƙara wuta.

Ta tarar da Kaka a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Gaisuwar ma a tsaitsaye ta yi ta, ta ciro waya ta danna wurin ɗaukar murya.

“Kaka, Baturen nan da ya kawo bishara, me ya ce muku? Ki faɗa mini daidai yadda ya faɗa.”

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. “Yau kin tuna hanya ke nan. Zauna mana, kina tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji.”

Rifkatu ta ɗosana a bakin turmi, ƙafa na kaɗawa.

“Me ya ce?” in ji Kaka, ta yi dariya har da tari. “Wa ya sani? Yakan hau wani dutse can bayan gari ya yi ta magana da yarenmu kamar wanda ya cika baki da doya mai zafi. Mu yara mu yi ta dariya, maza su ɗau fartanya su wuce gona. Mutumin kirki ne, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba.”

“Haba Kaka! To yaya aka yi kuka ba da gaskiya?”

“Ni dai abin da na riƙe, kafaɗar matarsa.”

Rifkatu ta dubi wayar, ta ga tana ta cin batir a banza. Kaka kuwa ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ba ta da niyyar sauri.

Ta ce a wani rani kurkunu ya kama iyarta, ƙafa ta kumbura, ko ƙofar ɗaki ba ta iya kaiwa. Maza ba sa zuwa rafi, ita Kaka kuma ƙarama ce. Sai ga Baturiya ta shigo gidan, ba wanda ya kira ta, ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Ta dawo da shi a ka, tana tangaɗi, rabin ruwan a rigarta. Matan gari suka yi ta shewa.

“Kin san mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya. Kai shi ke yi wa jiki tunani, ba a haɗa masa da dako. Da ta ga ana dariya ba ta yi fushi ba, ta tambaya. Aka nuna mata yadda ake zaunar da tulu cikin ƙwarya a ɗora a kafaɗa. Washegari haka ta ɗauko. Fatar wurin ta saɓule, ta yi jawur kamar ɗanyen nama, iyata da kanta ta shafa mata man kaɗe. Ba ta fasa ba har ruwan sama ya sauka. Kafin nan kafaɗar ta yi kanta irin tamu.”

Rifkatu ta matso. “Sai iyarki ta karɓi Yesu.”

“Ina! A kan abin iyayenta ta mutu.”

“To ai wahalar banza matar ta sha ke nan.”

Kaka ta ajiye gyaɗar, ta sha kunu. “Ke kika san banza. Ita ba ciniki ta zo yi ba. Ta ga gidan da babu ruwa ne. Ranar da aka binne iyata ta yi kuka fiye da wasu danginmu. Ni ce nake bin ta a baya zuwa rafi, ni na tambaye ta me ya sa take haka, sai ta ba ni labarin Yesu, kaɗan yau, kaɗan gobe, muna tafe. Nata na ji, don kusa da ni take.”

Wannan ba abin da Rifkatu ta zo nema ba ne. Yaya za a yi wasan kwaikwayo da mace tana ta jidar ruwa? Kuma me za ta faɗa a bakin taga? Ta kashe wayar, ta miƙe, ta zaga mangwaron, ta dawo. Maƙogwaronta ya bushe, ta shiga ɗaki ta buɗe randa. Cike take fal, ruwan ya kwanta ya yi sanyi. Sai a lokacin ta tuna ta wuce famfon ƙauyen ɗazu, hannunsa a karye, ciyawa ta rufe gindinsa.

“Kaka, wa ke ɗebo miki ruwa?”

“Ƙanwarki mana. Tun da famfo ya mutu, duk Talata sai ta zo. Yanzu ma tana bakin dam.”

Rifkatu ta tsaya da moɗa a hannu. Rabonta da ƙauyen tun kafin shukar doya, kullum hidimar Ubangiji ta yi mata yawa. Ta ajiye moɗar ba ta sha ba, ta fita kusan da gudu.

A tsakiyar hanya suka haɗu, inda ta ratsa gonakin doya. Halimatu na hawowa a hankali, ta tattare hijabinta, jarka cikin daro a kafaɗarta ta dama. Ta rame ƙwarai.

“Lilian.”

Ta ci gaba da tafiya.

“Halimatu.”

Ta tsaya, ba ta sauke kayan ba. “Ina kwana, Yaya. Yau babu lasifika?”

“Tana gida. Me ya same ki kika koma haka? Ba ki da lafiya ne? Ai da kin aiko an gaya mini.”

“In aiko ina? Kullum kina bakin tagata. Tun da kika fara zuwa lungun nan, kin taɓa yin sallama kin shigo?”

Rifkatu ta buɗe baki, amsoshinta na kullum suka taso, duk ta san su a ka. Halimatu ba ta jira su ba.

“Ciki ne da ni a lokacin, Yaya, har ya yi ƙwari. Ranar nan maigidan ya yi sammakon tafiya aiki Bidda, ni kaɗai ce a gida. Jini ya ɓalle mini, na faɗi a gindin gado, waya na can kan tebur na kasa kaiwa. Sai na ji muryarki. Wallahi daɗi na ji, na ce Allah ya kawo Yaya. Tsakanina da ke bango ne kawai. Na yi ta kira, Yaya, Yaya, har muryata ta dishe. Kina ta faɗin ranar shari'a. Da kin yi shiru na numfashi ɗaya da kin ji ni. Sai da rana ta ɗaga maƙwabciya ta leƙo. Kafin a kai ni asibiti aikin gama ya gama.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Rifkatu ta yi ƙoƙarin tuna wace safiya ce, ta kasa, don duk safiyoyin iri ɗaya ne a wurinta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Matar da ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba ta tsaya tsuru cikin kunyoyin doya.

Can ta ce, “Ba ni kayan.”

“Ba za ki iya ba. Kin daɗe a birni.”

Rifkatu ba ta yi musu ba. Ta juya, ta rusuna, ta miƙa kafaɗa. Ta daɗe a haka har cinyoyinta suka fara rawa, tana jin kukan wani injin ban ruwa daga nesa, tana tsoron ƙanwar ta kewaye ta ta wuce. In ta wuce, Rifkatu ta san ta wuce ke nan. Sai ta ji nauyi ya sauka mata, bakin daron ya nutse cikin tsoka, ruwa ya tsiyayo daga murfin jarkar ya bi bayanta.

“Ba nan ba,” in ji Halimatu, ta tura daron baya kaɗan. “Nan. Ki tallafe da hannu. Kuma in kika yi saurin nan naki, duk zai zube. Akwai saura a bakin ruwa.”

Suka kama hanya, Rifkatu a gaba tana sa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗa na zogi. Sun kusa hango mangwaron Kaka sai Halimatu ta ce daga bayanta, “Mace ce. Hidaya muka so sa mata.”

A hankali ta faɗa, ƙasa-ƙasa. Wannan karon Rifkatu ta ji.