Tsohon da Ke Jikin Gwangwani

Sarfaraz ya karanta takardar sau uku, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, amma maganar ba ta canza ba. Wai kwastam na Dubai sun riƙe masa gwangwanin alewa dubu shida saboda jabu ne. Jabun me? Jabun Alewar Baba Nur Bakhsh. Shi kuwa jikan Baba Nur Bakhsh ne na cikinsa, kuma a bayan shagon nan na tsohon birnin Multan aka tuƙa alewar, a kaskon da ya yi shekara sittin yana shan madara da man shanu.

Ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke rataye a bango. Tsoho ne mai farin rawani da gemu har ƙirji, hanci kamar an ja da zare. Fuskar nan ce a jikin kowane gwangwani, don a Multan mai alewar da bai ɗora kakansa a murfi ba, to bai fara sana'a ba. Masu saye ma ba ruwansu da karanta suna, sai dai su ce a ba su mai tsohon nan mai rawani. Sarfaraz bai tashi ya tarar da kakan ba, amma shekara talatin ke nan kullum safe sai ya goge gilashin ya ce, "Ina kwana, Kaka." Tun yana saurayi ake ce masa shi da tsohon kamar an tsaga kara, shi ya sa ya bar gemu irin na hoton, yana kuma ji da shi ƙwarai.

Ya tafi wurin lauya, wata matashiya mai suna Tehmina, wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"'Yata, fahimtar da ni. Yanzu ni na saci kaina ke nan?"

"A takarda haka ne, Alhaji. Wani Parwez Ditta ya yi rajistar sunan da hoton a can, shekara huɗu da suka wuce. Yana ma sayar da tasa alewar."

"Ai mu ma muna da rajista! Tun zamanin mahaifina!"

"Ta nan ƙasar ce. Ba ta tsallake ruwa."

"Au, suna ma sai da fasfo yake tafiya?"

"Sai da shi, Alhaji. Naku ba ku yi masa ba."

Sarfaraz ya ja gemu. Shi dai a saninsa ɓarawo shi ne mai ɗauke abu ya bar maka gurbi. Ga sunansa a ƙofar shago, ga hoto a bango, babu abin da ya motsa, amma wai an sace.

Tehmina ta ce sunan da sauƙi, akwai tsoffin takardu. Hoton ne aikin. "Kawo mini shaidar cewa kakanka ne. Wani hoton nasa daban, na biki ko na aikin hajji, ko da guda ɗaya. A yi sauri, alewa ba ta jiran kotu."

Ya yi dariya, karo na farko a ranar. Wannan ai ba abin wahala ba ne.

Sai ga shi ya kwana biyu yana zazzage akwatuna. Ya samu hoton auren mahaifinsa, ya samu na wata saniya da ta ci gasa, amma Baba Nur Bakhsh ko inuwarsa babu. Rana ta uku da la'asar ya nufi gidan Gwaggo Sughra, autar tsohon, wadda ta haura tamanin. Ya same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Gwaggo, ina sauran hotunan Kaka?"

"Wane Kaka?"

"Mahaifinki mana."

"Babana? Babana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ko inuwarsa ya gani a ruwa sai ya yi istigfari."

"To wannan fa?" Ya miƙa mata gwangwani.

Ta kai shi kusa da ido, ta yi murmushi kamar ta ga tsohon maƙwabci. "Allah sarki. Ditta ke nan. Allah ya jiƙan Ditta."

"Wane Ditta kuma?"

"Mai tuƙa mana alewa. Kai, ɗan nan, ubanka bai gaya maka ba?"

Sarfaraz ya nemi kujera ya rasa, sai ya zauna a bakin gadon igiya. Gwaggo ta ci gaba da tsinta tana ba da labari kamar na cinikin albasa. Shekarar da aka fara zuba alewa a gwangwani, mai buga murfi ya zo daga Lahore ya ce dole sai da fuskar tsoho, kowa haka yake yi. Baba ya ce shi kam a'a, ba za a jefar da fuskarsa a kwata ba idan an shanye alewa. Aka yi ta fama, sai mai bugawa ya leƙa baya ya hango Ditta a kan kasko, gumi na zuba, ga gemu tubarkalla. Aka wanke shi, aka naɗa masa rawanin Baba, aka kai shi ɗakin hoto.

"Da suka dawo aka karɓe rawanin, ya koma kan muciyarsa."

"Amma Gwaggo, kowa cewa yake na yi kama da shi!"

"To mai saye ya zo neman ragi, me kake so ya ce maka?"

Ya fito daga gidan kansa na juyawa. A hanya mutum biyu suka gaishe shi, ɗaya har ya ce jikan mai rawani, bai san ya amsa ko bai amsa ba. Da ya isa shago ya kasa ɗaga ido ya dubi bango. Ya sa Tehmina ta nemo masa lambar Parwez, ya kira da niyyar yin faɗa, ko da yake bai tabbatar a kan me ba.

"Sarfaraz ne daga Multan."

"A'a, ɗan gidan maigida da kansa! Yau an tuna da mu."

"Kai, me ya sa ka ɗauki sunanmu?"

"Ku me ya sa kuka ɗauki kakana?"



"Shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa muku," Parwez ya ci gaba, muryarsa ta sauka. "Har kafaɗarsa ta karkace. Da ya rasu ba mu da hotonsa ko ɗaya. Uwata gwangwaninku ta saya a kasuwa, ta wanke ta ɗora a kan kanta, shi muke nuna wa yara. Da na zo nan na fara tawa alewar, masu rajista suka ce in kawo tambari. Wa zan sa in ba kakana ba?"

"To sunan fa? Nur Bakhsh kakanka ne?"

Parwez ya ce, "Sunan kam naku ne. Amma ni tun da na buɗe ido tare na gan su, fuskar da sunan. Har na yi wayo ina zaton haka ake kiran kakana a wurin aiki."

Abin da ya fi damun Sarfaraz shi ne ya nemi haushin da ya kira da shi ya rasa. Ga alewarsa tana can tana shan zafi a tashar jirgin ruwa, ga wanda ya jawo, amma sai kunya yake ji.

Washegari Tehmina ta shimfiɗa masa magana. Za a iya shiga kotu a kan duka biyun, tunda su suka fara amfani da hoton, sai dai kafin a gama alewar ta zama abincin tururuwa. Ko kuma a sasanta: Parwez ya sakar musu suna ya bari kayan nan su wuce, su kuma su sakar masa fuska, a can da nan gida.

"In na cire tsohon, wa zai gane alewata? Rabin masu sayena ba sa karatu."

"Wannan kuma ba aikin lauya ba ne, Alhaji."

Ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya tuna da gwangwanin da aka wanke aka ɗora a kan kanta. Ya sa hannu.

Tehmina ta tattara takardun. "Yanzu me za a sa a sabon murfin?"

Sarfaraz ya miƙe. Ya koma shago ya sauke hoton da kansa, ya naɗe shi a sabon zane don a aika Dubai. Gurbin da hoton ya bari a bango fari tas, kamar ba a taɓa zama a ɗakin ba. Daga nan ya sake komawa gidan Gwaggo.

"Gwaggo, to shi Kakan na gaske, yaya kamanninsa suke?"

Ta ajiye faifan, ta kamo haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen haske tana ƙanƙance ido.

"Gajere ne, ga sanƙo, ga kunnuwa kamar faifai. Gemunsa bai fi gashi goma ba." Ta sake shi. "Kai ne sak, ɗan nan. Ranar da aka haife ka sai da na yi kuka. Amma tun da ka tara wannan gemun na Ditta na daina ganin babana."