Musafahar Signor Ermes

A kasuwar 'yan tseren babur ba a ce wa mutum an kore shi, sai dai ya ga alama. Nerio Montalti ya ga tasa tun farkon kakar tsere, ranar da aka kawo sababbin kaya daga kamfani aka ɗaura wa babur ɗin abokin aikinsa, shi kuma aka ce masa nasa suna hanya. Har yau suna hanya. Daga nan injiniyoyi suka fara rufe kwamfuta idan ya shigo gareji, suna yi masa irin fara'ar da ake yi wa baƙon da ya daɗe bai yi sallama ba. Wanda zai bar gida ba a nuna masa sirrin gida, kada ya kai wa maƙwabta. Shi ma ya taɓa ganin an yi wa wani haka, bai ce uffan ba, don a lokacin shi ake yayi.

Kafin tseren Misano ya zagayo a watan Satumba, duk guraben baɗi sun cike. Manyan kamfanoni sun kwashe yaran da ko gemu ba su fara ba, shi kuwa Nerio da ya haura talatin ana kiransa tsoho a jarida, ba kunya ba tsoron Allah. Gurbi ɗaya ya rage a duk ajin manya, a ƙungiyar Signor Ermes Tassinari, wata 'yar ƙungiya da ke da garejinta a bayan Cesena. Mutum biyu ke nemansa, Nerio da wani yaro ɗan Sifen mai suna Unai Sarrión, wanda ke tashe a ajin ƙasa. Idan gurbin nan ya kuɓuce, Nerio ya san inda zai kalli tseren baɗi: a talabijin ɗin shagon mahaifiyarsa da ke bakin teku a Cattolica, yana miƙa wa masu wanka burodin piadina da zafinsa.

Shi Signor Ermes da facin taya ya fara, kuma har ya tsufa hannuwansa ba su manta ba. Ba ya karanta rahoton likita, ba ya sauraron wakilai. Abu ɗaya ya yarda da shi. Zai kira ɗan tsere bayan an tashi daga tseren gida, wato na Misano, ya kama hannunsa na dama, wanda ke murɗa totur kuma ke jan birki, ya matse shi yana kallon ƙwayar idon mutum, ba zai saki ba sai ya gamsu. Idan ya saki ya ce a zauna a ci taliya, magana ta ƙare, lauyoyi sai su biyo baya da takardunsu. Idan kuwa ya ce a gaida gida, to ita ma ta ƙare, babu gurbi. Makanikai kan yi wa juna ba'a da abin, su ce wane ya shiga wurin tsoho da yatsu biyar ya fito da uku. Nerio ma ya sha yin wannan dariyar.

A farkon makon tseren ne ya faɗi a gonar kawunsa, inda yake atisaye a kan turɓaya. Faɗuwar banza ce, wadda ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya tare ƙasa da tafin hannun dama. Wani likita abokinsu a Rimini ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila, ya nuna masa wata siririyar tsaga a ɗan ƙaramin ƙashin wuyan hannu. Ya ce ƙashin nan marowaci ne, jini kaɗan yake samu. Idan aka ɗaure shi yanzu zai haɗe, idan kuwa ya goce daga wurinsa, yana iya ƙin haɗewa har abada. Ombretta, yayar Nerio, wadda ita ce wakiliyarsa tun yana tuƙa ƙananan babura, ta karɓi hoton ta cusa a jakarta. Ta ce za a ɗaure, amma bayan Misano.

Haka ya yi kwanakin nan da gwangwanin lemon kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa a hannun dama. Duk wanda ya miƙo hannu, sai ya ɗaga gwangwanin ya ba shi na hagu yana dariya. Mutanen kamfanin lemon har yaba masa suka yi, wai ba su taɓa samun ɗan tsere mai kishin kayansu irinsa ba.

Ranar Lahadi likitan ya yi masa allurar kashe zafi a bayan tirela kafin a fara, ya gaya masa ita ce ta ƙarshe, ba zai ƙara ba ko da Paparoma ne ya roƙe shi. Nerio ya yi tseren da hannun da ba ya ji, kamar na aro. A kowace kwana yana jan birki ne da tunani, yana jiran lokacin da yatsun za su ƙi. Ba su ƙi ba. Ya zo na takwas, a gaban abokin aikinsa mai sababbin kaya, mutanen Cattolica suka cika wuri da ihu da hayaƙi mai launi.

Dabarar Ombretta mai sauƙi ce: su shiga wurin tsohon nan take, tun allurar ba ta sake shi ba. Ko kayan tserensa na fata bai tsaya cirewa ba, ya zame su zuwa ƙugu, suka nufi rumfar ƙungiyar Tassinari. A bakin ƙofa aka ce su ɗan jira, Signor Ermes yana tare da baƙo, wani mai kamfanin tayil daga Sassuolo wanda sunansa ke jikin baburan.

Suka zauna. Mai tayil ɗin nan kuwa Allah ya yi shi da surutu. Ta gilashi Nerio yana hango shi yana ba da labari da hannuwa biyu, an kawo kofi, an kwashe, an kawo wani. Rana ta fara karkata a kan tireloli. Makanikai na ta naɗe kaya, ƙarar ƙarafa na shiga masa har cikin haƙori.

Da farko ɗumi ya ji a babban yatsa. Sai wani zugi ya biyo baya, yana bugawa tare da zuciyarsa. Ya ɗora hannun a cinya ya rufe da hular kwano. Ombretta ta lura, ta ciro wayarta ta kira likitan, aka ce mata yana kan babbar hanya tuni, ya gudu kafin cunkoso.

"Ya fara?" ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Ya fara."

"Ka daure. Ka taɓa yin tsere da karyayyen haƙarƙari, tsoho ɗaya ne zai gagare ka?"

"Haƙarƙari ba wanda ya kama shi ya matse, Ombra."

"To me kake so? In je in ce masa don Allah Signor Ermes, a yi wa ƙanena a hankali, ɗan lelen Mamma ne?"

Tsoro ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji a kan babur ba, don a kan babur ba ka da lokacin zama ka saurari tsoronka. Ya duba wuyan hannun a ɓoye, ya ga ya fara tasowa. Ya jawo hannun rigarsa ya rufe. Can ya ce mata shi fa gaya wa tsohon zai yi. Ai tsohon ya ga tseren da idonsa. Wanda ya zo na takwas da tsagaggen ƙashi, me zai yi da lafiyayye? Kafin gwajin babura na watan Nuwamba ya warke. Tsohon nan mutumin Romagna ne kamarsu, ya san babansu, ya ci abinci a shagonsu.

Ombretta ta juyo ta dube shi sosai. "Ka taɓa ganin wanda ya je sayen tukunya aka ce masa ta tsage amma za ta haɗe, ya saya? Ga sabuwa a gefe, ba ta kai rabin kuɗinka ba."

"Idan ya goce fa? Kin ji abin da likita ya ce."

"Na ji." Ta ciro sigari, ta tuna ba a sha a wurin, ta riƙe shi a hannu. Muryarta ta sauka. "Hannunka ne, Nerio. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kar ka yi ba. Ni dai na buga duk ƙofofin da ke filin nan, wannan kaɗai ta rage."

Mai tayil ya fito daga ƙarshe, suka miƙe tsaye, sai aka ce ba su ba tukuna. Ashe Unai Sarrión yana ciki ta ɗaya ƙofar, shi aka fara kira. Wannan ma jiran Nerio ya sha shi a tsaye, don ya ga idan ya zauna zugin ya fi yawa. Ba a daɗe ba yaron ya fito shi da babansa. Ya gaida Nerio da ka cikin ladabi, suka wuce. Nerio ya bi fuskarsa da kallo yana neman labari, bai samu komai ba.

Signor Ermes yana zaune a bakin dogon tebur, gajere, mai faɗin ƙirji, tabarau a goshi. Ƙamshin miyar nama na fitowa daga kicin. Ya yaba tseren a taƙaice, ya ce a kwanar ƙarshe Nerio ya bar wa na bayansa hanya fiye da kima, ya tambayi lafiyar Mamma da ko har yanzu tana cika gishiri. Nerio ya amsa. Ya riga ya yanke shawara a waje, ya jera kalmomin a ransa. Ya ja numfashi.

"Signor Ermes, akwai abin da nake so ku sani kafin..."

"Ka ga yaron nan da ya fita?" tsohon ya katse shi, yana nuna ƙofa da haɓa. "Yaron kirki. Tarbiyya. Tun ban tambaye shi ba ya ce mini kafaɗarsa na damunsa, za a yi masa ɗan aiki a Disamba, wai kafin a fara kakar tsere ya warke sarai. Babansa har da hoto ya kawo mini." Ya girgiza kai da tausayi na gaskiya. "Irin yaran nan sun yi ƙaranci yanzu. Na ce ya gaida gida."

Ya miƙe, ya goge tafinsa a wando.

"Me kake cewa in sani?"

Nerio ya ji Ombretta a bayansa, ko numfashi ba ta yi. Ya dubi hannun da aka miƙo masa, kaurinsa, tsofaffin tabban da ke kan yatsun.

"Cewa zan yi Mamma ta rage gishirin," ya ce.

Ya ajiye hular kwano a kan tebur, ya ba da hannun.

Tsohon bai yi garaje ba. A hankali ya fara, kamar mai gwada iskar taya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, idonsa cikin na Nerio. Zafin ya hau ta gwiwar hannu ya kai kunne. Nerio ya kafa idonsa a kan tabaran da ke goshin tsohon, ya matse shi ma iya ƙarfinsa, don ya san hannun da bai rama ba shi ma faɗuwa ne. Gumi ya gangaro masa ta baya. Ya yi murmushi, har haƙoransa suka fito. Sai ya ji wani abu ya motsa a cikin wuyan hannun, ɗan motsi kaɗan, ba ƙara. Rumfar ta yi fari fat a idonsa, ta dawo. Murmushin yana nan inda ya bar shi.

Signor Ermes ya saki.

"Wai tsoho," ya ce, yana dariya. "'Yan jarida ba su san hannu ba. Ku zauna mu ci taliya."

Nerio ya ci da hagu, hannun dama a ƙarƙashin tebur. Ombretta ta cika wurin da hira don kada a kula, ta yi ta ba tsohon labarin yadda ƙanenta ke tsoron kaji yana yaro, ana ta dariya. Bai san ɗanɗanon abin da ya haɗiya ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne zugin ya ragu, wani nauyi ya maye gurbinsa.

Da suka fito filin ya kusa watsewa. Ɗan ƙaramin babur ɗin da yake zirga-zirga da shi tsakanin tireloli yana jingine inda ya bar shi. Ombretta ta riga ta kira gida, tana tafe tana magana da ƙarfi: "Mamma, ya samu. Eh, kwantiragin shekara biyu. Ki rufe shagon, ki kira kawu." Ta haye bayansa ta dafa kafaɗarsa, wayar a kunne.

Nerio ya tayar da injin da hagu. Ya ɗora hannun dama a kan totur, ya ce wa yatsunsa su kama. Suka kwanta a kan robar a buɗe. Ya sake gwadawa, yana kallonsu. Ƙaramin yatsa ne kawai ya ɗan motsa.

"Mu je mana," in ji Ombretta. "Mamma na son jin muryarka, sai kuka take yi."

Ya sauke ƙafarsa ƙasa, ya matsa baya a kan sirdin.

"Zo ki tuƙa, Ombra," ya ce.